Hayaƙi a Cikin Mota: Iskar da Fasinjojin Duwala ke Shaƙa Tsakanin New Bell da Bonanjo

Iskar da ke cikin motar haya daban take da ta bakin titi, kuma a garin da motoci suka tsufa, cunkoso ya yi yawa, sau da dama ta ciki ta fi muni. Hayaƙin titi yana shiga, na motar kanta yana ƙaruwa a kai, ga numfashin mutane masu yawa a ɗan ƙaramin wuri. Duwala, cibiyar kasuwancin Kamaru mai mutane sama da miliyan 3, ta haɗa waɗannan abubuwa duka.

Da misalin ƙarfe bakwai na safe, a kusa da babbar kasuwar New Bell, ana iya ganin yadda abin yake. Ƙaramar bas tana tsaye tana lodi, injinta na aiki, yaron mota na kiran saura mutum biyu. Waɗanda suka riga suka shiga sun yi minti goma sha biyar a zaune. A gabanta tasi ce mai launin rawaya tana fitar da shuɗin hayaƙi, a gefenta babura sun yi cincirindo, salansar kowanne daidai da tagar da fasinja ya jingina.

Wata dattijuwa ta ja gefen mayafinta ta rufe hanci. Wani mai ɗauke da takardu zuwa wani ofis a Bonanjo ya ce da na kusa da shi, "Malam, don Allah ɗan ja gilashin nan." Aka ja. Ba a jima ba zufa ta karyo wa kowa, aka sake buɗewa.

Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin wani abin magana. Abin da fasinja ke lissafawa shi ne kuɗin mota da lokacin isa.

Tazarar da aka gina da gangan

Zirga-zirgar safe daga New Bell zuwa Bonanjo ta girmi motar haya. Tun wajajen 1910 Jamusawa suka tsara kwashe mutanen Duwala daga tudun Joss, inda Bonanjo take a yau, domin wurin ya zama na Turawa zalla. A tsarin nasu, za a bar fili mai faɗin kusan kilomita ɗaya tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata. Hujjar da suka kafa ita ce kiwon lafiya, wai don kada zazzaɓin cizon sauro ya tsallaka. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ja da wannan ƙwace, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914.

Bayan wancan fili aka kafa New Bell. A zamanin Faransawa ta zama unguwar baƙi: Hausawa fatake da mahauta da dillalan goro da shanu, Bamileke, Basa, Ewondo, da mutanen Najeriya, Togo da Senegal. Ofisoshin gwamnati, kotuna, bankuna da tashar jiragen ruwa suka tsaya ta wajen Bonanjo, masu ƙwadago kuwa suka tare a New Bell.

Har yau haka tsarin yake, sai dai garin ya bazu nesa. Ɗan Unguwar Hausawa ko Kassalafam a New Bell da ke da shago a Akwa, ko aiki a masana'antun Bassa, ko harka a Bonaberi can tsallaken gadar Wouri, dole ya shiga wani abin hawa safe da yamma. Tafiyar da ba ta wuce kilomita biyar ba tana iya cin sa'a guda idan aka faɗa cunkoson Ndokoti ko shatale-talen Deido.

Yadda manyan bas suka yi ƙaranci

A 1973 aka kafa kamfanin SOTUC na gwamnati, wanda ya riƙe sufurin cikin gari a Duwala da Yawunde sama da shekaru ashirin. Matsin tattalin arziki na ƙarshen shekarun 1980 ya durƙusar da shi. Yajin rufe gari na 1991 ya sa mutane suka fara hawa babura don ratsa shingaye, faɗuwar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta ninka farashin kayan gyara, a 1995 kuma aka rufe kamfanin.

Sai a 2001 kamfanin SOCATUR ya fara aiki a Duwala. Motocinsa suna bin manyan hanyoyi, amma ɗan ƙaramin kaso na tafiye-tafiyen garin suke ɗauka. Giɓin da ya rage, wasu ne suka cike shi: tasi mai ɗibar fasinja a hanya, ƙananan bas da ake kira kargo masu zuwa unguwannin gefen gari, motocin da ba su da rajistar haya, da uwa uba 'yan acaɓa da mutanen Duwala ke kira bensikin.

Saboda haka idan ana maganar iskar cikin motar haya a Duwala, ana maganar abubuwan hawa iri-iri ne da ke gogayya a titi ɗaya, kowanne na hura wa ɗan'uwansa hayaƙi. A kan wannan titin kuma manyan motoci ke fitowa daga tashar jiragen ruwa da kayan Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wasu na shigowa da gungumen katako.

Abin da ke cikin iskar

Na farko shi ne ƙananan ƙwayoyin ƙura da toka da masana ke kira PM2.5. Kaurin gashin kan mutum ya ninka mafi girmansu kusan sau talatin. Gashin hanci da majina ba sa iya tare su, don haka suke wucewa can cikin huhu, mafi ƙanƙantarsu ma su shiga jini. Baƙin hayaƙin injin dizal cike yake da su.

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2021, bai kamata matsakaicin waɗannan ƙwayoyi ya wuce mikrogiram 5 a kowace mita kubik ɗaya ta iska ba a tsawon shekara, ko 15 a cikin yini guda. A bayan motar da ke tuttuɗo da hayaƙi, ma'aunin kan haura wannan ninki-ba-ninki cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Na biyu iskar kabon monoksaid ce, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu da wani abu. Injin fetur da bai ƙona mai da kyau shi ya fi fitar da ita. Ciwon kai, jiri da kasala da mutum kan ji bayan doguwar zama a cunkoso, wanda akan ɗora wa rana ko yunwa, sau da yawa daga nan suke.

Akwai kuma iskar naitirojin dayoksaid mai fusata hanyoyin numfashi, da sinadarin benzin da ke tashi daga fetur ko ba a ƙona shi ba. Na ƙarshe shi ne wanda fasinjoji da kansu ke fitarwa, wato kabon dayoksaid. A sarari, iskar kabon dayoksaid ba ta cika wuce kashi 400 da 'yan kai cikin miliyan ba. A motar da aka cika aka rufe tagoginta, tana iya kaiwa dubu biyu ko uku. Ita kanta a wannan mataki ba ta kisa, amma alama ce cewa kowa na shaƙar abin da na kusa da shi ya fitar.

Ta ina hayaƙin ke shiga

Hanya mafi sauƙin ganewa ita ce taga da ƙofa. Mota a cunkoso tana manne da ta gabanta, duk abin da waccan ta fitar kuma nan yake dosa. A kowace tsayawa, ƙofa na buɗewa daidai lokacin da motocin gefe ke taka totur don tashi, wato lokacin da inji ya fi fitar da hayaƙi.

Hanya ta biyu ta fi ɓoyuwa, ita ce motar ta riƙa shayar da fasinjojinta hayaƙin kanta. Binciken da aka yi kan motocin 'yan makaranta a jihar Kaliforniya ta Amurka a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa wani ɓangare na hayaƙin bas yana komawa cikinta, kuma tsofaffin motoci sun fi yin haka nesa ba kusa ba.

Dalilan a fili suke ga duk wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin tsohuwar mota. Duwala gari ne na ruwa da laima, ga iskar teku mai gishiri, ƙarfe ba ya daɗewa bai yi tsatsa ba. Salansa na hujewa a tsakiya, ko ta tsinke daga mahaɗinta a ɗaure ta da waya. Daɓen motar ma na cinyewa, a shimfiɗa katako ko tsohuwar tabarmar roba a kai. Hayaƙin da ya kamata ya fita ta baya sai ya tsaya a ƙarƙashin kujeru, ya riƙa tasowa ta ramukan.

A yawancin ƙananan bas, inji yana ƙarƙashin kujerar gaba ne ko kusa da direba, an rufe shi da murfi mai roba a gefe. Idan robar ta mutu, zafi da tururin baƙin mai na shigowa kai tsaye. Injin da ringinsa ya cinye yana tura hayaƙi ta cikin akwatin mai, wanda ba ya bi ta salansa ko kaɗan. Fasinjan da ya yi murnar samun gidan gaba, a kan wannan murfin yake zaune.

Sai kuma abin da iska ke yi a bayan mota. Idan mota na tafiya, iskar da ke bayanta tana juyawa ta dawo ta manne da jikinta. Shi ya sa gilashin baya ya fi saurin yin datti. Motar da aka cika wa but da buhunan albasa ko dilolin atamfa har ƙofar baya ta ƙi rufuwa, aka ɗaure ta da igiya, tana zuƙo hayaƙin salansarta ne zuwa kan 'yan kujerar baya. Wannan lodi abu ne na kullum a hanyoyin da ke fita daga kasuwannin New Bell da Mboppi.

A manyan bas masu inji a baya, kujerun ƙarshe su ne suka fi zafi da wari. A ƙananan kuwa gaba da baya duk ba su tsira ba, tsakiya ta fi dama-dama.

Tsohon inji, mai mara kyau

Kusan duk motar hayar da ke titin Duwala ta gama rayuwarta ta farko a wata ƙasa. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018, Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci kusan miliyan 14, kusan kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufa. Wani bincike da hukumomin Holan suka yi a tashoshinsu ya gano cewa yawancin waɗanda ake turowa sun kai shekara 16 zuwa 20. Wasu ma an yanke musu na'urar tace hayaƙi tun kafin a loda su a jirgi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta.

Kamaru tana ɗora wa tsofaffin motoci haraji mafi yawa a kwastan, amma duk da haka tsohuwa ta fi sabuwa araha ga mai neman abin da zai sa haya.

Ko da motar ta iso da matatarta lafiya, mai ne zai yanke hukunci. Farar wuta da ke cikin dizal tana ƙara yawan ƙwayoyin hayaƙi, tana kuma kashe na'urorin tacewa. A Turai ba a yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta auna man da ake sayarwa a ƙasashen Afirka takwas, ta samu wanda ya ninka wannan iyaka fiye da sau ɗari uku. Ƙasashen Gabashin Afirka sun koma kashi 50 tun 2015, ECOWAS ta amince da haka a 2020. Ƙasashen Afirka ta Tsakiya, inda Kamaru take, sun kasance a baya a wannan tafiya.

Ga kuma man bakin titi da ake kira zuwa-zuwa, wanda ake shigo da shi ta ɓarauniyar hanya a sayar a kwalabe da jarkoki. Wani lokaci akan gauraya shi da kananzir. Direban da ya ajiye jarkar fetur a but ko ƙarƙashin kujera don gudun tsayawa a hanya, ya ƙara wa fasinjojinsa tururin benzin ba tare da ya sani ba.

Damina da rani

Duwala na cikin biranen da suka fi samun ruwan sama a Afirka, sama da milimita 3,500 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Oktoba. Ruwa yana wanke ƙurar sarari, wannan alheri ne. Amma da zarar ya sauko, kowace taga sai an rufe ta, ambaliya ta tsayar da motoci, mutum ashirin da jiƙaƙƙun kaya su zauna a rufe, gilashi ya yi gumi har direba na goge shi da tsumma. Kujerun soso da suka sha ruwa ba sa bushewa, sai su yi funfuna, ita ma tana tayar da asma.

Daga Disamba zuwa Fabrairu lamarin kan juya. Titunan unguwanni da ba su da kwalta suna tayar da jar ƙura, hazon hunturu na saukowa daga arewa, ana ƙona shara a bakin magudanan ruwa. A lokacin tagogi a buɗe suke saboda zafi, komai na shigowa.

Taga dai gaba kura ce baya sayaki. A buɗe ta, hayaƙin titi ya shigo. A rufe ta, numfashi da hayaƙin motar su taru. Abin da ya fi dacewa shi ne a buɗe tagogi ta ɓangarori biyu idan mota na gudu, a rage wadda ke fuskantar salansar wata mota idan an tsaya. A motar da rabin tagoginta sun maƙale, wasu an maye gurbinsu da leda ko falanki, wannan shawara ba ta da wurin zama.

Abin da jiki ke ɗauka

A watan Yunin 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal a sahun abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar huhu. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa gurɓatar iskar sarari ta yi sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 4.2 a duniya a 2019. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, yawancin waɗannan mace-mace ta hanyar ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suke zuwa, ba ta tari kaɗai ba. Ƙwayoyin hayaƙi na kumbura jijiyoyin jini, su ƙara wa mai hawan jini nauyi.

Za a iya cewa sa'a ɗaya ko biyu a mota ba wani abu ba ne cikin yini guda. Wani bincike a Beljiyam, ƙasar da tsofaffin motocin nan da dama ke bi ta tasharta, ya nuna akasin haka: mutanen da aka bibiya sun yi kusan kashi 6 cikin ɗari na lokacinsu a hanya, amma a nan suka haɗu da kusan kashi ɗaya cikin biyar na baƙin hayaƙin da suka ci karo da shi a yini. A can ke nan, inda ake duba motoci da tsanani.

Fasinja yana sauka ya tafi. Direba da yaron mota su ne ke wuni a ciki, daga asuba har bayan isha'i, kwana shida ko bakwai a mako. Bayansu sai masu lodi a tasha, masu tallan ruwa da goro da ke kutsawa tsakanin motoci, da masu tsire da shayi da suka kafa tebur a bakin mahaɗar tituna. A Kwatano ta Jamhuriyar Benin, binciken da aka yi kan 'yan acaɓa a shekarun 2000 ya samu benzin mai yawa a iskar da suke shaƙa, da alamun lahani a ƙwayoyin jininsu fiye da na mazauna ƙauye.

Jariri da ke goye a bayan uwarsa yana numfashi da sauri fiye da babba, huhunsa kuma bai gama ginuwa ba. Mai juna biyu, tsoho, da mai asma su ma suna sahun gaba.

Sai batun cututtukan da ke bin numfashi. A Lima ta ƙasar Peru an samu alaƙa tsakanin yawan hawa ƙananan bas da kamuwa da tarin tibi. A Cape Town ta Afirka ta Kudu an auna iskar cikin motocin haya da jiragen ƙasa, aka ga ƙananan bas sun fi tara numfashin da aka riga aka fitar. Tarin tibi bai bar Kamaru ba, kuma unguwanni masu cunkoso irin New Bell su ne inda ya fi samun wurin yaɗuwa.

A watan Maris na 2020, da korona ta shigo, gwamnatin Kamaru ta hana lodin wuce kima a bas da tasi da babura, daga baya ta wajabta takunkumi. Na ɗan lokaci an ga tasi ba mutum biyu a kujerar gaba. Da tsoron cutar ya lafa, aka koma gidan jiya.

Kowa da hujjarsa

Direba ba jahilin hayaƙi ba ne, shi ya fi kowa shan sa. Amma lissafinsa daban ne. Yawancin direbobi ba su ne masu motar ba, akwai kuɗin da za su kai wa mai ita kowace yamma kafin su ga nasu. Litar dizal da ke sefa 575 ta koma 720 a Fabrairun 2023, ta koma 828 bayan shekara guda. Kuɗin tasi ya tashi daga sefa 250 zuwa 300, sannan 350, amma fasinja na tsayawa ya yi tayin abin da ke aljihunsa. A irin wannan hali, ƙarin mutum ɗaya a kujera shi ne ribar.

Barin inji na aiki a wurin lodi ma yana da dalilinsa. Wani batirinsa ya yi sanyi, idan ya kashe sai an tura. Wani kuma dabara ce, don mai zuwa ya ɗauka yanzu za a tashi.

Mai mota yana ganin gyara iri biyu ne: wanda idan ba a yi ba mota ba za ta fita ba, da wanda zai iya jira. Hujin salansa da mataccen ringi suna cikin na biyu. Kanikawa sun san maganin, wanke nozul, canza matatar iska, sauke inji a sa sabon ringi, amma sukan ce mai mota ba ya zuwa sai ta ƙi tashi. Kwana biyu a gareji kwana biyu ne babu kuɗin shiga.

Fasinja kuwa ba shi da zaɓi mai yawa. Idan ya ƙi wannan motar, ta bayanta ba ta fi ta ba, baburin da zai hau a madadinta kuma zai sa shi tsakiyar hayaƙin ba ko gilashi. Hankici ko gefen rawani yana tare ƙura mai kauri, amma ƙananan ƙwayoyin suna wucewa. Takunkumi irin na ma'aikatan asibiti mai manne wa fuska yana tare yawancinsu, sai dai ba ya tare iskar gas.

Hukumomi ma suna tsaka mai wuya. Dokar kare muhalli ta 5 ga Agusta, 1996 ta hana gurɓata iska, akwai kuma binciken lafiyar mota da aka wajabta wa motocin haya lokaci-lokaci. Amma idan aka ce yau za a kama duk motar da ke hayaƙi, gobe rabin garin ba zai je aiki ba. Kuma cire tsohuwar bas ba tare da kawo wata ba, ƙara babura ne a titi: mutanen da babbar bas ɗaya za ta ɗauka, sai babura arba'in ko hamsin sun tashi. Ƙarancin bas ya fi tsufansu illa ga iskar garin.

Doguwar hanyar arewa

Akwai wani nau'in zama a mota da ya shafi Hausawan Duwala musamman, wato tafiya gida. Manyan motocin safa da ke zuwa Ngaundere, Garwa da Marwa suna yin yini da kwana, wani lokaci fiye. Masu na'urar sanyaya iska tagoginsu a like suke. Idan direba ya bar na'urar tana juya iskar ciki kawai don sanyi ya kama da wuri, ko matatarta ta toshe da ƙura, mutum saba'in za su kwana suna musayar numfashi. Iskar da ta lalace haka tana kawo gyangyaɗi, kuma direban ma ita yake shaƙa. Tsayawar salla da cin abinci, idan aka bar ƙofofi a buɗe aka kashe inji, tana sabunta iskar motar gaba ɗaya.

Abin da ake shiryawa, da abin da ba ya buƙatar jira

A watan Yunin 2022 Bankin Duniya ya amince da kusan dala miliyan 420 don gyara sufurin Duwala. Ƙashin bayan shirin shi ne manyan bas masu hanyarsu ta kansu, mai tsawon kusan kilomita 28, daga tsakiyar gari ta Ndokoti zuwa PK14 da Yassa, a ƙarƙashin hukumar birnin. Legas ta fara irin wannan a 2008, Darussalam a 2016, Dakar kuma ta buɗe nata a 2024 da motoci masu aiki da lantarki.

Amfanin keɓantacciyar hanya ga huhun fasinja biyu ne: bas ba ta manne da salansar kowa, tafiyar kuma ta gajarta. Sai dai layin ba zai shiga lungunan New Bell ba. Daga ƙofar gida zuwa tasha, tasi da kargo da babur ne za su ci gaba da ɗaukar mutane.

Su kuwa gyaransu ba ya buƙatar rancen ƙasa da ƙasa. Mai walda na iya toshe hujin salansa da na daɓe cikin sa'a guda. Robar murfin inji da ta ƙofar baya ba su da tsada. Ƙungiyoyin direbobi da ke karɓar kuɗin lodi a tasha suna da ikon cewa a kashe inji har sai mota ta cika, a ɗora kayan da suka hana but rufuwa a saman mota, a fitar da jarkar fetur daga inda mutane ke zama. Cibiyoyin binciken mota na iya mayar da hujin daɓe da tagar da ba ta buɗuwa dalilin hana takarda, kamar yadda ake yi wa birki.

Garin yana da iskar gas a ƙarƙashinsa. Rijiyoyin Logbaba sun fara ba masana'antun Duwala gas ta bututu tun 2012, kuma bas mai aiki da gas ba ta fitar da baƙin hayaƙi irin na dizal. Najeriya ta kama wannan hanya bayan cire tallafin fetur a 2023, ko da yake tsadar juya inji da ƙarancin gidajen sayar da gas sun rage mata sauri.

Batun mai kuma yana hannun gwamnati fiye da kowane lokaci. Tun gobarar da ta tsayar da matatar SONARA ta Limbe ranar 31 ga Mayu, 2019, Kamaru daga waje take sayo tataccen mai. Yawan farar wutar da ke cikin dizal ɗin da ake sauke wa a tashar Duwala ya dogara ne da sharaɗin da aka rubuta a takardar sayensa. Rage wannan adadi yana rage hayaƙin kowane injin dizal da ke gari, tsoho da sabo, tun daga tankin farko, kuma sai da shi ne matatar hayaƙin sababbin bas ɗin da ake jira za ta yi aiki ba tare da ta toshe ba.